Tambaya: Yaya ake duba bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin hoto?

Sakataren Fadama, Argungu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da 'yan'uwa na wannan zaure, tare da neman taimakon masu ilimin kwamfuta da masu sana'ar ɗaukar hoto a kan wata matsala da ta sha mini kai.

Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Argungu, mambobinmu 41 ne. A daminar bana gulbi ya cika ya batse, ruwa ya kwanta a gonakin yawancinmu, alhali shinkafar wasu ta riga ta yi ciki. Wata hukuma mai raba tallafi ta ce kowane manomi ya kawo hoton gonarsa, kuma jami'inta ya shaida mana cewa daga cikin hoton kansa za su gane ranar da aka ɗauke shi da wurin da aka tsaya. Na umarci kowa ya turo mini nasa ta WhatsApp, na tara su a waya, na kai. Bayan kwana huɗu jami'in ya kira ni ya ce hotunan duk fanko ne, babu rana babu wuri a cikinsu, sai mu sake kawo wasu. Ga shi kuma ruwa ya fara janyewa, abin da za a ɗauka yau ba shi ne abin da ya faru ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Wasu matasa a cikinmu suna raɗe-raɗin cewa hoton da wani dattijo ya kawo ba na bana ba ne, na ambaliyar 2020 ne da ta cinye shinkafar Kabi, kuma maganar ta fara ɓata zaman ƙungiya. Don haka nake roƙo a bayyana mini ko mene ne waɗannan bayanai, da yadda zan duba su da kaina, domin wayata Tecno ce kuma ina da tsohuwar kwamfutar cinya mai Windows. Ina kuma son sanin dalilin da ya sa namu suka zama fanko, da ko bayanan za su iya raba gardamar hoton dattijon nan.

Mai Hoto, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya mayar muku da alheri bisa wannan asara.

Jami'in bai yi maka ƙarya ba, amma ya kamata a ce tun farko ya gaya maka hanyar da za a turo hotunan. Duk lokacin da kyamara ko waya ta ɗauki hoto, ba surar kaɗai take ajiyewa ba, tana kuma rubuta wani ɗan taƙaitaccen bayani a farkon fayil ɗin, wanda ido ba ya gani sai an buɗe shi da gangan. Ana kiran wannan tsari Exif. Ƙungiyar masana'antun lantarki ta Japan ce ta fito da shi a 1995, kuma yau kusan kowace kyamara da kowace waya da shi suke aiki. A ciki akan sami sunan kamfanin da ya ƙera na'urar da samfurinta, da ranar ɗauka har zuwa daƙiƙa, da tsawon lokacin da idon kyamara ya yi a buɗe, da faɗin ƙofar da haske ya shiga, da lambar ISO mai nuna yadda aka ƙara wa kyamarar ƙarfin jin haske, da ko filasha ta haska. Idan an kunna tambarin wuri, akan sami lambobin GPS na inda mai ɗauka ya tsaya. Mu masu sana'a da waɗannan lambobi muke koyar da yaran shago: idan yaro ya dawo daga bikin kamun kifi da hotunan gulbin Matan Fada duk sun yi dishi-dishi, ba na tsayawa jin uzurinsa, sai in buɗe bayanin in nuna masa cewa ya bar idon kyamara a buɗe kashi 1 cikin 30 na daƙiƙa alhali masunta gudu suke yi zuwa ruwa, inda ya kamata ya kai kashi 1 cikin 500.

A wayarka, ka buɗe hoton a cikin Google Photos ka ja shi sama da yatsa, bayanan za su bayyana a ƙasa, har da ɗan taswira idan akwai wuri. A manhajar hotuna da ta zo da wayar, ka taɓa ɗigo ukun nan ka nemi inda aka rubuta Details. A kwamfuta kuwa ka danna hoton da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, sannan Details, ka gangara ƙasa a hankali, za ka tarar da sashen kyamara da na GPS. Masu iPhone, tun daga iOS 15 da ta fito a 2021, suna da wani ɗan da'ira mai harafin i a ƙasan hoto, shi ake taɓawa.

Abin da ya mayar da naku fanko shi ne WhatsApp. Idan aka tura hoto ta hanyar da kowa ya saba, manhajar tana matse shi don ya yi sauƙin tafiya, ta ƙirƙiro sabon fayil, ta zubar da bayanan kyamara gaba ɗaya. Haka Facebook da Instagram suke yi wa kwafin da jama'a ke saukewa. Kana iya gane hoton da ya bi ta wannan hanya daga sunansa, domin a wayoyin Android yakan zama wani abu kamar IMG-20240903-WA0012, kuma ranar da ke cikin sunan ita ce ranar da hoton ya shigo wayarka, ba ranar da aka ɗauke shi ba. Hoton allon waya shi ma sabon fayil ne, ba ya gadon komai daga na asali.

Amma kada hankalinka ya tashi, hotunan asali suna nan a wayoyin da suka ɗauke su muddin ba a goge ba. Ka tara mutanenka rana ɗaya, kowa ya zo da wayarsa, ka jona ta da kwamfutarka ta igiyar caji ka kwafo daga jakar da ake kira DCIM. Wanda yake nesa ya tura maka ta WhatsApp ɗin, amma ya zaɓi Document maimakon hoto, domin ta wannan hanya fayil ɗin yana tafiya yadda yake.

Malamin Kwamfuta, Gusau

Alhaji Mai Hoto ya yi bayani mai gamsarwa a kan yadda ake dubawa, ba ni da abin gyarawa. Zan tsaya ne a kan tambayar ƙarshe ta Malam Sakatare, domin nan ne nake jin tsoron a zalunci mutum.

Ya kamata a fahimci cewa kyamara ba ta san ranar da ake ciki ba, abin da agogonta ya nuna mata shi take rubutawa. Waya takan karɓi lokaci daga kamfanin layi idan an bar ta a kan haka, shi ya sa galibi nata yake daidai, amma kowa yana iya shiga saiti ya mayar da kwanan wata baya ko gaba da hannunsa kafin ya ɗauki hoto. Ƙananan kyamarori kuwa, idan batir ya daɗe a mace, agogonsu yakan koma ranar da masana'anta ta sa masa, sai ka ga hoton sunan da aka yi jiya yana ɗauke da ɗaya ga Janairu ta wata shekara da ta daɗe da wucewa. Na sha ganin wannan a hotunan da ɗalibaina ke kawowa. Saboda haka tsohuwar rana a cikin hoto ba lallai ba ne ta zama shaidar yaudara, sabuwar rana kuma ba lallai ba ne ta zama shaidar gaskiya.

Abu na biyu, ranakun ba guda ɗaya ba ne, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa. A cikin Exif akwai ranar da aka ɗauki hoton, akwai ranar da aka mayar da shi fayil na dijital, wadda a kyamarar zamani takan zo daidai da ta farko, akwai kuma ranar da wata manhaja ta taɓa shi a ƙarshe. Bayan waɗannan uku, ita kanta kwamfutar tana da nata ranaku na ƙirƙira da na gyara fayil, waɗanda ba sa cikin hoton sam, kuma ranar ƙirƙira takan sauya duk lokacin da aka kwafi fayil zuwa wani wuri. Malam Sakatare, layin da za ka nema a Windows shi ne wanda aka rubuta Date taken. Idan wannan layi babu komai a gabansa, kada ka ɗauki wata ranar ka sa a madadinsa.

Idan kana son ganin duk abin da ke ciki, Windows kaɗan take nunawa. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna ExifTool, wadda wani mutumin Kanada, Phil Harvey, ya fara fitarwa a 2003, ita ce masu bincike suka fi dogara da ita. Idan ka sauke ta, ka jawo hoto ka sake shi a kanta, za ta zazzago maka layuka masu yawa, har da keɓaɓɓun bayanan da kowane kamfani ke ƙarawa da kansa, kuma a wasu manyan kyamarori har da lambar jikin kyamarar. Akwai shafukan intanet masu yin irin wannan aiki, amma ka tuna cewa sai ka ɗora musu hoton kafin su karanta, wato ka miƙa hoton mutanenka da wurin gonakinsu ga wanda ba ka sani ba. Ni dai ba na ba da shawarar haka. Wannan manhaja da na ambata kuma ba karatu kaɗai take yi ba, tana rubutu, da layi ɗaya na umarni ana iya sauya rana ko wuri ko sunan kyamara. Mai iPhone ma yana iya gyara rana da wurin hoto daga cikin wayar, ba tare da ya nemi kowace manhaja ba.

To ta yaya mai bincike yake kama gyara? Yana duba ko bayanan suna gaskata juna ne. Idan hoton yana da GPS, akan sami wani lokaci na daban da aka rubuta da agogon duniya, wanda agogon Najeriya ya riga shi da awa 1. Hoton da aka ɗauka ƙarfe 10 na safe a Argungu ya kamata lokacin GPS ɗinsa ya kasance wajen ƙarfe 9. Tsohon tsarin Exif bai tanadi wurin rubuta bambancin agogon ƙasashe ba, sai a gyaran 2016 aka ƙara shi, don haka tsofaffin na'urori ba su da wannan layi. Sannan ka duba sunan fayil, domin wayoyin Android da yawa suna sa rana da lokaci a cikinsa. Ka duba hotunan da ke gabansa da bayansa a cikin wayar, ka ga ko ya zauna a jerinsu. Ka duba samfurin wayar: idan ta fito kasuwa bayan 2020, ba yadda za a yi ita ce ta ɗauki ambaliyar 2020, sai dai idan wani hoton aka sake ɗauka daga allo ko takarda. Ka duba layin Software, domin manhajojin gyaran hoto sukan bar sunansu a nan. Akwai ma wani ɗan mitsitsin kwafin hoton da kyamara ke ɓoyewa a ciki, wanda wani lokaci ake gyara babban a manta da shi.

Game da lambobin wuri, Argungu tana wajen digiri 12 da minti 44 arewa, digiri 4 da minti 31 gabas. A nan minti da daƙiƙa ma'aunin wuri ne, ba na lokaci ba: minti 1 na arewa ya kusan kilomita 2, daƙiƙa 1 kuwa kimanin mita 31 ce. A fili irin fadama waya takan yi kuskuren 'yan mitoci ne kawai, amma idan aka buɗe kyamara aka ɗauka nan take kafin ta kama taurarin ɗan Adam, tana iya rubuta wurin da ta sani a baya ko ta kintata daga turken sadarwa. Na goyi bayan shawarar igiya saboda wani dalili: tun daga Android 10, tsarin wayar yana ɓoye wurin hoto ga manhajar da ba a ba ta izinin ganinsa ba, saboda haka wata manhajar tura fayil tana iya kawo maka hoto mai rana amma babu wuri.

Uwar Marayu, Talatar Mafara

Sannunku da ƙoƙari, Malamai. Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, ina aiki ne da wata ƙungiyar mata da ke tallafa wa waɗanda suka baro ƙauyukansu, kuma ina roƙon a ba ni dama in faɗi ɗaya gefen maganar.

Kuna koya wa mutane su kunna tambarin wuri kuma su riƙa tura hoto a matsayin fayil, wanda daidai ne ga aikin Malam Sakatare. Sai dai manomin da ya kunna shi yau saboda tallafi ba zai tuna ya kashe gobe ba, zai ci gaba da ɗaukar hoton iyalinsa a tsakar gida, da rumbunsa, da shanunsa, kowane ɗaya ɗauke da lambobin da za su kai mutum har ƙofar gida. Duk wanda ke zaune a Zamfara ya san abin da wannan ke nufi a halin da muke ciki na satar mutane da dabbobi. Mu a wurin aikinmu doka ce, ba a ɗaukar hoton matan da muke taimaka wa sai an tabbatar wurin a kashe yake. Ɗana ne ya ba ni labarin wani attajirin Amurka mai suna John McAfee, wanda a 2012 yana ɓoye daga 'yan sandan ƙasar Beliz, sai 'yan jaridar mujallar Vice da ke tare da shi suka wallafa hotonsa da aka ɗauka da iPhone ba su cire bayanan ba, nan da nan duniya ta gane yana Gwatamala. Mutumin da ya yi suna a kan tsaron kwamfuta ke nan, balle manomin fadama.

Shawarata ita ce Malam Sakatare ya kunna wa kowa da hannunsa a ranar aikin, ya kashe masa da hannunsa kafin ya tafi. Hotunan da ya tara kuma kada su shiga zauren WhatsApp na ƙungiya a matsayin fayil, ya miƙa su ga jami'in kai tsaye.

Malamin Kwamfuta, Gusau

Gaskiyarki ce, Hajiya, kuma ya kamata in ambata. Ana kashe tambarin wuri ne a cikin saitin kyamarar, ko a janye mata izinin sanin wuri daga saitin wayar. Hoton da aka riga aka ɗauka kuwa, a shafin Details ɗin nan na Windows akwai wani rubutu a can ƙasa mai ba da damar yin kwafi maras bayanan sirri, a iPhone kuma akwai zaɓin cire wuri a lokacin turawa. A riƙa cirewa daga kwafi, a bar na asali.

Ɗan Kotu, Jega

Ƙarin bayani kaɗan, ko da maganar za ta kai gaban alƙali, wanda ba ma fata. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da kwamfuta ta samar a matsayin shaida, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar tabbaci mai bayyana na'urar da yadda aka samar da abin. Don haka, Malam Sakatare, ka rubuta a littafinka wayar wa ka kwafo, a wace rana, a gaban wa, kuma kada ka sauya wa fayilolin suna ko ka buɗe su da manhajar gyara.

Sakataren Fadama, Argungu

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, na dawo in ba ku labarin inda aka kwana.

Ranar Asabar na tara mambobi a zauren shugabanmu, na kwafo da igiya kamar yadda Alhaji Mai Hoto ya ce. Mutum 29 hotunansu na asali suna nan, dukansu da rana, amma 11 kaɗai ke da wuri, sauran ba a taɓa kunna musu shi ba. Mutum 12 ba su da waya mai kyamara, 'ya'yansu ko maƙwabta ne suka ɗaukar musu, ina bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Hoton Baba, dattijon nan da ake magana a kai, jikansa ne ya ɗauka. Na duba a gaban shugaba da biyu daga cikin matasan da suka tayar da zancen. Ranar ta nuna 3 ga Satumbar bana, ƙarfe 8 da minti 14 na safe, sunan fayil ya zo daidai da haka, kuma hoton da ke bayansa a wayar na wani suna ne da aka yi a unguwarsu, wanda ɗaya daga cikin matasan da kansa ya ce ya halarta. Wuri babu. Na karanta musu abin da Malam na Gusau ya rubuta cewa ana iya sauya rana, don kada a ce na ɓoye wani abu, sai shugaba ya ce to a je a ga gonar, ai laka ba ta ƙarya. Mun je da la'asar, alamar ruwa tana nan a jikin bishiyar giginya da ke cikin hoton, ta kai ƙirjin mutum. Matasan sun ba Baba haƙuri a nan bakin gonar.

Abin da ban zata ba shi ne na tarar da wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane masu gonaki a manne, sun kawo hoto guda, waya ɗaya, daƙiƙa ɗaya, ɗayan ya ɗan yanke gefe ne kawai. Da na tambaye su suka ce ruwa ya haɗe gonakin har ba a gane iyaka, ba su ga amfanin ɗauka sau biyu ba. Na rubuta hakan a takarda na haɗa da hoton, jami'in ya yanke abin da ya ga dama.

Hajiya, na bi shawararki, ban kunna wa kowa komai ba tukuna. Jami'in ya yarda masu rana babu wuri su sake ɗaukar gonar yadda take yanzu da wuri a kunne, a haɗa da tsohon hoton. Na yanke shawarar da wayata kaɗai za a yi duka, ranar Talata da Laraba, da kwalekwale a inda ruwa bai gama janyewa ba. Alhaji Mai Hoto, minti nawa ya kamata in tsaya a kowace gona kafin in ɗauka?

Mai Hoto, Birnin Kebbi

Ka buɗe Google Maps tukuna, ka jira har shuɗin ɗigon nan ya tsaya cak kuma da'irar da ke kewaye da shi ta ƙanƙance, galibi ba ya wuce minti 1 ko 2 a fili. Sannan ka ɗauka, ka ja hoton sama nan take ka tabbatar taswira ta fito kafin ka bar wurin. Ka sa mai gonar ya tsaya a ciki, ka kuma tafi da abin caji na tafi-da-gidanka, domin GPS da hasken allo a rana suna shan batir sosai.